Sawun da Ya Nufi Rana

An tsinci gawar Silas Dace, shugaban ma'aikatan gonar Wickett, da safiyar Litinin, sha takwas ga Maris na 1839, a mashigin rafi, ƙarƙashin wani farin itace da ya tuɓe ɓawonsa kaf. Shekarar fari ce, rafin ya koma 'yan kududdufai. Kyaftin Rendle, alƙalin yankinmu da ke bayan duwatsun New South Wales, ya tura ni gaba a matsayina na magatakardansa, ya ce zai zo ya zauna shari'a ran Laraba. Watana huɗu ke nan da kama aiki, da takardar difloma ta awon ƙasa da zane wadda na samo a Sydney. Ya haɗa ni da mai bin sawu da ke yi masa aiki, Jabez Corrie, wani tsoho da aka koro daga Ingila shekara talatin da suka wuce saboda farauta a dajin wani mai dukiya.

Mutumin yana kwance rubda-ciki, da rauni a gefen kai. Ma'aikata sun tsaya can nesa, ba mai son matsowa. Na zauna na zana wurin dalla-dalla kamar yadda aka koya mini: itacen, gawar, duwatsu, da sawu goma sha ɗaya a kan laka. Ban bar komai ba, ban ƙara komai ba.

Baba Jabez ya ɓamɓare yatsun mamacin ɗaya bayan ɗaya. A cikin tafinsa akwai kwabon tagulla da aka goge har ya yi sumul, aka yi rubutu a kansa da tsinin ƙusa. Kowa a ƙasar nan ya san irinsa, shi ne abin da fursuna kan bar wa nasa kafin jirgin ruwa ya tashi da shi daga Ingila.

"Karanta mini, akawu. Don wannan aka biya maka makaranta."

Na karanta: "Keziah Tunstall ga Letti. In kin riƙe wannan, kin riƙe ni. 1827."

Sai gunaguni ya tashi cikin ma'aikata. Sawun na takalmin gwamnati ne, irin wanda ake raba wa mata fursunoni, wanda ba shi da dama ba shi da hagu. Mace ɗaya ce ke saka shi a gonar, Keziah Tunstall mai dafa abinci, wadda saura mako uku ta karɓi takardar sassauci, ta shiga yi wa kanta aiki bayan shekara goma sha biyu. Yanzu kuwa igiyar rataya ce a gabanta.

*

Mista Wickett ya karɓe mu a barandarsa, da hankici a hanci.

"Ba wani bincike a nan," in ji shi. "Sunanta ne a kwabon, takalminta ne a laka. Na kulle ta a ɗakin ajiya. A binne Dace yau, zafin nan ba zai jira Kyaftin ba."

"Yallaɓai, sun taɓa faɗa da shi?" in ji Baba Jabez.

"Wa bai yi faɗa da Dace ba? Ko ran Asabar maƙerina Quill ya rantse sai ya fasa masa kai."

Muka sami Barney Quill a maƙera. Ƙato ne, shi ma jirgi ne ya kawo shi, amma ya gama wa'adinsa.

"Na faɗa, tsoho, kuma da na samu da na yi," ya ce. "Amma jiya Lahadi tun hantsi ina wurin addu'a a rumfar sausaye ulu, ina gyangyaɗi gaban mutum ashirin. Tambayi kowa, minsharina ya fi wa'azin ƙarfi."

"Allah ya shirye ka. Me kuma ka sani?"

Quill ya ajiye guduma. Ya dubi ƙofa kafin ya yi magana.

"Da muka fito, wajen tsakar rana, wuri ya yi tsit. Ko tsuntsayen nan masu dariya sun yi shiru. Sai muka ji murya daga daji, can hayin rafi, muryar mace. Sau uku ta kira, kowane kira ya fi na baya nisa. Babu mace a hayin nan, Jabez. Babu gida, babu ruwa, har ƙarshen duniya."

"Me take cewa?"

"Inna take kira."

Na rubuta wannan ma.

*

Keziah Tunstall tana zaune a kan buhun gari. Mace ce siririya mai furfura a goshi, shekarunta ba su wuce arba'in ba. Baba Jabez ya miƙa mata kwabon. Ba ta karɓa ba, sai ta ja jiki baya har ta jingina da bango.

"A ina kuka samo shi?"

"A hannun Dace, 'yar'uwa."

"Ba zai yiwu ba. Wannan yana Ingila." Ta yi magana a hankali, kamar mai ba da labarin wata. "A kurkukun garinmu na goge shi da dutse, kwana tara. Ran da za a tafi da mu ƙanwata ta kawo mini 'yata, shekararta bakwai, na sa mata shi a hannu ta tsakanin ƙarafa. Wasiƙa biyu na samu, daga nan shiru, shekara tara ke nan."

"Jiya kin ji kira?"

"Ina feraye dankali na ji. Na san muryar, ko da yake ta girma. Ta mutu ke nan, Jabez. Ta mutu, ta zo ta gaya mini, ta kawo mini abina. Ku rataye ni in kuna so, ba ni da wanda nake jira kuma."

Baba Jabez ya duƙa ya ɗaga ƙafarta. Dunduniyar takalmin ta cinye, alhali sawun rafi na sabon takalmi ne, ƙusoshinsa a cike. Na ji sanyi a raina, amma da muka fito Mista Wickett ya ce an ba ta sabo a watan jiya. Ita kuwa ta ce ta musanya shi da ganyen shayi wurin wani mai amalanke da ba ta san sunansa ba.

"Fatalwa ba ta saka takalmin gwamnati," in ji Baba Jabez. "Cika gorunan ruwa, akawu."

*

Sawun ya tsallake rafi ya shiga daji. Ni ban ga komai ba sai busassun ganye, amma tsohon yana tafiya yana nuna mini da sanda: ɓawon itace da aka taka, dutse da ya juya cikinsa sama, zare mai ruwan toka a jikin ƙaya. Ya ce mutanen ƙasar na asali ne suka koya masa duban ƙasa, kuma bai kai rabin na yaransu ba. Mai sawun ta yi gudu da farko, ba ta duba inda ta nufa, ta faɗi sau biyu. Sa'an nan ta koma tafiya, tana kewaye.

Fararen itatuwa sun tsaya mana ta ko'ina, kowanne kamar ɗan'uwansa, ɓawonsu na reto kamar tsumma ko da yake babu iska. Muna cikin tafiya wani reshe mai kaurin cinya ya ɓalle ya faɗo a bayanmu haka kawai. Itatuwan nan sun saba yin haka in zafi ya yi tsanani, amma duk da haka sai da na yi tsalle.

"Bai kira sunanka ba, akawu. Taho."

Daidai tsakar rana muka fito wani fili. Baba Jabez ya tsaya ya daɗe yana duban ƙasa.

"A nan ta tsaya jiya, kamar war haka. A nan ta yi kiran. Duba, ta juya nan, ta juya can. Ga inda ta tsaya cik, dunduniya ta nutse, wato ta ɗaga kai sama. Daga nan kuma dubi sawun."

Wannan ko ni na gani. Ya miƙe sak, babu kwana, kamar an ja shi da igiyar awo.

"Ta yanke shawara ke nan. Ina ta nufa?"

"Arewa," na ce. "Wajen kwazazzabai."

"Ina gonar Wickett?"

"Kudu. Ba ta fi mil ɗaya ba."

"Tsaya a kan sawunta ka ɗaga kai. Me ke gabanka?"

"Rana."

"Kai a nan aka haife ka, ba za ka gane ba. Tun kana goye rana a arewa take tsayawa da tsaka. A can inda muka fito kuwa, a kudu take. Kowane yaron ƙauye ya sani: in ka ɓata kana neman kudu, ka jira tsakar rana ka fuskanci rana ka miƙe." Ya tofar da yawu. "Ni ma na yi. Watana biyu a ƙasar nan na gudu, na bi ta kwana uku, aka tsince ni ina lasar dutse. Keziah shekara goma sha biyu tana shanya wanki a ƙarƙashin ranar nan, ko a mafarki ba za ta yi wannan kuskure ba. Mai sawun nan ba ta daɗe da sauka daga jirgi ba. Wani ya gaya mata gonar tana kudu da rafi, ita kuma kudu take nema."

Sai a lokacin na fahimci muryar da ke ƙara nisa. Tana kira, tana tsammanin tana matsowa.

*

Mun kwana a hanya, muka same ta ran Talata da hantsi a gindin wani dutse cikin busasshen kwazazzabo. Yarinya ce mai shekara goma sha tara, leɓɓanta sun tsage, sabon takalmin na rungume a ƙirjinta. Da fari na ɗauka mun makara. Baba Jabez ya jiƙa tsumma ya rinƙa ɗiga mata ruwa kaɗan kaɗan, har ta buɗe ido.

"Wannan ce gonar?" ta ce.

"Saura kaɗan, 'yata. Sunanki Letti?"

Ta ba mu labarin guntu-guntu. Ƙanwar uwar ta rasu, ita kuma ta tashi a gidajen mutane tana aikatau. Da ta ga ba za ta taɓa samun kuɗin jirgi ba, sai ta ɗauki bandir ɗin yadi a kasuwa a gaban ɗan sanda.

"Wata ɗaya kawai suka ba ni. Sai da na sake, na ɗauki wanda ya fi tsada, sa'an nan alƙali ya ce a koro ni ƙasar nan, shekara bakwai. Na yi masa godiya, ya ce a fitar da mahaukaciya."

Makonta uku da sauka aka ba da ita aiki a wani masauki da ke kan hanya. A can wani mai amalanke ya ce ya san wata Tunstall a gonar Wickett, kudu da rafi. Ta gudu ta biyo sawun amalanke har mashigi, inda ta tarar da Dace yana shayar da doki.

"Na nuna masa kwabon, na ce ya kai ni wurinta. Ya karɓa ya riƙe. Ya ce sai na biya tukuna. Ya kama ni, ya kayar da ni. Hannuna ya faɗa kan dutse, sai na..."

"Kunnen nan nawa ya mutu tun a jirgi," in ji Baba Jabez da ƙarfi. "Ban ji komai ba. Akawu, kai ka ji?"

Littafina yana kan gwiwata, fensir a hannu. Na san doka. Fursuna da ta gudu ta kashe mutum mai 'yanci, ba a tambayar dalilinta. Ban rubuta ba.

Mun iso gona da la'asar, ya ajiye ta a bukkar Quill, ya hana a gaya wa kowa. Sa'an nan shi da Quill suka ce za su kai dawaki rafi. Sun daɗe. Da suka dawo Quill ya raba naman tunkiya da ya ce ya yanka saboda zuwan Kyaftin.

*

Ran Laraba Baba Jabez ya roƙi Kyaftin Rendle a zauna a inda abin ya faru. Aka kawo tebur da kujera ƙarƙashin farin itacen. Mista Wickett ya sa aka kawo shayi a butar tangaran da matarsa ta zo da ita daga Ingila. Ma'aikata suka kewaye, Quill na cikinsu. Aka kawo Keziah.

Ni kuwa idona yana kan wani abu. Taku biyu daga inda gawar ta kwanta akwai wani babban reshe a ƙasa, da baƙin jini a kututturensa. Na buɗe littafina na duba zanen Litinin. Babu reshe. Na ɗaga kai na bi itacen da ido daga ƙasa har sama, ban ga tabon inda ya ɓalle ba. Sai na tuna da tunkiyar Quill.

Quill ya fito da yarinyar, tana dogara da hannunsa. Keziah ta dube ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira suna ba. Ta dubi fuskar, ta dubi sabon takalmin, ta dubi laka, sa'an nan ta juya ga alƙali.

"Yallaɓai, ni na kashe shi. Da dutse. Ban san wannan yarinya ba."

"Ƙarya take yi, Yallaɓai, kuma ba ta ma iya ba," in ji Baba Jabez. Ya bayyana sawun da maganar rana daga farko har ƙarshe. Kyaftin, wanda shi ma a Ingila ya tashi, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya gyaɗa kai.

"To, wannan ta fita. Quill yana wurin addu'a. Saura yarinyar ke nan."

"Yarinyar ta zo, Dace ya ƙwace mata kwabo, ta tsorata ta gudu. Wanda ya kashe shi ga shi nan tsaye a kanmu." Ya nuna itacen, ya nuna reshen. "Ko shekaranjiya wani reshen ya kusa raba akawunka da diflomarsa."

"Ni ban ga reshe ba ran Litinin," in ji Mista Wickett.

"Yallaɓai, taku arba'in ka tsaya, da hankici a fuska," in ji Quill. "Ko saniya ce ta faɗo ba za ka gani ba."

Ma'aikata suka yi dariya. Duk sun ga wurin ran Litinin. Amma ba wanda ya ƙaryata maganar reshen.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Kyaftin, yana nuna ni. "Hobday ya zana wurin, kuma yaron nan ko ƙuda ba ya tsallakewa. Hobday, kawo littafin."

Tsakanina da teburin taku shida ne. Amma tun lokacin da Keziah ta buɗe baki na rufe littafin da hulata, fensir ɗina yana aiki a ƙarƙashinta. Na miƙa littafin. Reshen yana nan a zanen, taku biyu daga gawa, har da inuwarsa, wadda na kula na jefa ta kudu. Kyaftin ya duba, ya dubi ƙasa, ya rufe littafin.

"Hatsari ne. A rubuta."

Na rubuta da hannuna, kuma har yau yana nan a rubuce.

Sauran hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Lettice Tunstall, saboda gudu daga wurin aiki, wata shida a gidan horon mata da ke ƙetaren duwatsu, wajen Sydney, a aske mata kai, daga nan a tura ta duk inda hukuma ta ga dama. Keziah Tunstall ta koma madafa, takardarta na nan tafe. Kowa ya san ma'anar wannan. Takardar sassauci tana ɗaure mai ita a yanki ɗaya, yarinyar kuwa ana iya jefa ta mil ɗari uku daga nan.

"Tafi ki kwashe kayan shayin," in ji Mista Wickett.

Keziah ta je teburin. Ta ɗauki butar tangaran da hannu biyu, a hankali, kamar yadda ta saba ɗaukarta shekara da shekaru. Ta dubi Kyaftin don ta tabbata yana kallo. Sa'an nan ta ɗaga ta sama ta maka a kan dutse.

"Kin haukace?" Wickett ya daka tsawa. "Saura mako uku!"

"Yallaɓai, nawa ne hukuncin wannan?" ta tambayi alƙali.

Kyaftin ya dube ta. "Wata uku, kuma an soke takardarki."

Ta ɗauki kofinsa, shi ma ta fasa. "Yanzu fa?"

"Wata shida," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Gida ɗaya. Hobday, rubuta."

*

Washegari amalanke ɗaya ya ɗauke su, ni na raka su har mashigi da takardun. Baba Jabez ya zura kwabon a aljihun yarinyar, ya ce shaidar ta ɓata. Uwa da 'ya sun zauna kafaɗa da kafaɗa. Uwar tana ta cire ƙaya daga gashin da za a aske nan da kwana huɗu.

Da muka zo ƙarƙashin farin itacen, mai amalanke ya kauce masa ya bi ta cikin laka. Rana ta yi tsaka. Yarinyar ta kare ido da hannu ta dube ta.

"Inna, daga nan ta ina ne gida?"

Keziah ta ɗaga hannu ta nuna hayin rafi, wajen kwazazzabai, inda rana take tsaye.

"Can inda kika nufa ran Lahadi," ta ce. "Kada ki sake bin ta. Matso nan, akwai saura ƙaya ɗaya a bayan kunnenki."